Ranar da Anti Birki Ta Karɓi Wayar Auta

A makarantar koyon tuƙin da ke bayan tashar manyan motoci, malamai duk maza ne in ban da mace ɗaya, wadda kowa ke kira Anti Birki. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Ɗaliba ba ta isa ta yi tafiyar kirki ba sai ka ji muryarta ta cika motar: "Birki! Na ce birki, ba totur ba! So kike ki kai mu lahira da rana tsaka?" Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, in ta ɗaga murya har masu faci na tsallaken titi sai sun waiwayo. Ta haura arba'in da 'yan kai, kuma ba ta taɓa aure ba.

Mutane sun daɗe da yanke hukunci a kan lamarinta, cewa ita ce ta ƙi. Mace mai motar kanta, mai canza taya ba tare da ta kira kowa ba, ai ba ta da buƙatar namiji. Ita kuma ta bar su a haka, don ya fi mata sauƙi a ce ta ƙi da a ce an ƙi ta. In abokan aiki suka tsokane ta, sai ta ce, "Wane namiji ne zai iya da ni? Ku da ko ribas ba ku iya ba sai kun goge katanga." A yi dariya, a wuce wurin.

Tana zaune a hawa na uku na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, ita da ƙanenta Auta. Ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, yana ɗan firamare. Yanzu ya ba talatin baya, yana aiki a wani gidan buga takardu, inda yake wuni a gaban inji yana fitar da katin gayyatar auren mutane. Shi kuwa nasa neman bai taɓa kai ko'ina ba. Yarinyar farko da ya nema ta ce ta ɗauke shi kamar yayanta. Ta biyu ta daina ɗaga waya. Ta ƙarshe, wadda ya fi sa rai a kanta, sai ganin sunanta ya yi a jikin kati yana fitowa daga injinsa, da sunan wani a gefe. Ya gama buga katin tsaf, ya ɗaure, ya miƙa, ya dawo gida.

Daga nan ne ya fara sauyawa. Ya shiga wani zauren hira a waya, na maza masu harshe ɗaya da neman abinci ya warwatsa su a ƙasashe daban-daban. Duk Asabar da rana suke haɗuwa, don lokacin ne ya yi wa na gabas da na yamma daidai. Shugabansu wani ne da suke kira Dakta, mai murya a natse kamar mai karanta labarai, wanda ba ya buɗe baki sai da alƙaluma: a ƙasa kaza kashi kaza na samari ba su da mace, a ƙasa kaza abin ya ninka. Kuma duk lissafin wuri ɗaya yake ƙarewa, cewa laifin mata ne.

Da farko Anti Birki ta ji daɗi da Auta ya sami abokan hira. Sai ta lura ya daina gaida 'yar maƙwabtansu a matakala. Ran nan ta rage masa hanya, wata mata ta kashe mota a gaban danja, ya leƙa ta taga ya faɗa mata maganar da ta sa Anti Birki ta taka birki har goshinsa ya kusa dukan gilashi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Gaskiya ce, Yaya. Duk haka suke."

Wata safiya suna shan shayi, yana shafa wayarsa, ya ce, "Kin san matsalar nan ta maza ce kawai? Mace ba ta rasa namiji. Ko wace iri ce, in ta ɗaga yatsa za ta samu."

Ta ajiye kofi. "Ko wace iri?"

"Ko wace iri."

"To ni fa?"

Ya yi dariya, bai ko ɗago ba. "Ke ai daban ce, Yaya. Ke kika zaɓa."

Ta dube shi, wannan yaro da ta yi wa wanka, ta yi jinyar ƙyandarsa, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gadonsa da nata tsawon rayuwarsa, ta ga ashe bai san ta ba ko kaɗan. Ta ɗauki makullin mota ta fita. Ranar ɗalibanta sun sha tsawa fiye da kullum.

Asabar ta zagayo. Ta dawo daga aiki da wuri saboda wata ɗaliba ta fasa zuwa. Abin kunnen Auta ya lalace, don haka ya sa wayar a lasifika ya ɗora a kan teburin falo. Tana kicin tana yanka albasa, muryoyin na shigo mata ɗaya bayan ɗaya. Wani yana magana ana jin ƙarar injin wanki a bayansa, wani kuma iska na kaɗa maganarsa kamar yana kan rufin gini. Dakta ya gama karanto alƙalumansa, sai wani mai sanyin murya ya tambaya, "To su matan fa, Dakta? Takardar ba ta faɗi nasu ba?"

"Ta faɗa," in ji Dakta, "amma kada ka ɓata lokacinka. Macen da ta ce ta rasa, zaɓe take yi. Ɗan'uwanmu na gidan buga takardu yana da misali a cikin gidansu. Ɗan'uwa, ba su labari."

Auta ya gyara murya. "E, yayata ce. Ta wuce arba'in. Tana da aiki, tana da mota, girman kai ya hana ta kallon kowa. Maza nawa ta wulaƙanta, Allah kaɗai ya sani. Irin su ne suka jefa mu a wannan hali."

Ba ta san lokacin da ta ajiye wuƙar ba. Ta goge hannu a jikin zanenta, ta shigo falo, ta ɗauke wayar daga kan tebur kafin Auta ya miƙe.

"Yaya! Yaya, don Allah..."

Ta tare shi da hannu ɗaya, irin yadda take tare ɗalibin da ke neman fizgar sitiyari.

"Salamu alaikum, mazajen duniya," ta ce. "Ni ce yayar. Tunda an sa ni a misali, bari misalin ya yi magana da bakinsa."

Dakta ya ce, "Baiwar Allah, wannan zaure na maza ne."

"Na ji. Amma da sunana aka buɗe taron, kuma a falona kuke zaune. Ƙanena ya ce maza nawa na wulaƙanta. Bari in ba ka adadi, tunda kai mai son adadi ne. Babu. Ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa zuwa balle in wulaƙanta shi. Akwai wani da na koya wa tuƙi, ya riƙa kawo mini ruwan sanyi, har na je na ɗinka sabuwar riga. Ashe lambar ƙawata yake so. Na ba shi, na kuma tuƙa su da kaina ranar da za su tare."

Wani ya tuntsire da dariya. "Turo hotonki mu gani, wataƙila mu gane dalili!"

"Ba sai ka gani ba, zan gaya maka. Doguwa ce ni, muryata kamar ta kwandasta, kyau kuma ba a yi rabonsa da ni a wurin ba. Kai fa? Kai da ke ɓoye a bayan waya, wace gasa ka ci?"

Aka yi wata dariyar, wannan karon ba ita ake yi wa ba.

Dakta ya sa baki, muryarsa na nan a natse. "Labarin mutum ɗaya ba ya rusa bincike. Alƙaluma ba sa ƙarya."

"Wa ya ƙirga ni?" ta ce. "A cikin masu binciken naka wa ya hau benen nan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa? Kuma da ya zo, me kake jin zan ce masa? Cewa zan yi lafiya lau, ni na zaɓa. Haka zan ce, haka mai sayar da magani ta ƙasan benenmu za ta ce, haka ƙannenku da kuka baro a gida za su ce. Ku in an ƙi ku sai ku buɗe zaure ku yi ta ihu daga ƙasa zuwa ƙasa. Mu in an ƙi mu sai mu sha kwalliya mu je bikin wata mu raba abinci. Shi ya sa lissafinka ya fito a karkace."

Auta ya zauna a hannun kujera, ya dafe kai. Ta gan shi, ta kuma san da ta tsaya a nan da ya fi masa sauƙi. Amma abin da ta danne shekara da shekaru ya riga ya taso, ba ta ga dalilin mayar da shi ba.

"Kuna jin jikina itace ne? Rabon da wani ya riƙe mini hannu, sai dai ɗalibar da ta firgita ta damƙe ni a kan giya. Bara na je asibiti, likita ta dafa kafaɗata tana tambayata inda ke ciwo, sai ga hawaye. Ta zaci zafin ciwon ne. Ina son miji. Na so shi ina da ashirin, ina son shi yau, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Abin da ke cin ku yana ci na, na san shi sarai, na riga da yawanku saninsa. Amma ban taɓa leƙa taga na zagi wani namiji a titi don wani ya ƙi ni ba. Ba wanda nake bi bashin soyayya. Wanda bai so ni ba, bai so ni ba ne, bai yi mini sata ba."

Mai sanyin muryar nan ya ce a hankali, "Wallahi ni ma akwai yayata a gida, ban taɓa..."

Maganarsa ta yanke. Allon wayar ya nuna an cire Auta daga zauren.

Ta miƙa wa Auta wayarsa. Ya karɓa.

"Kin tozarta ni," ya ce. "Kin tozarta kanki. Kin san nan ne kaɗai wurin da in na yi shiru ake tambaya ina nake?"

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce. Ta ce, "Na sani. Kuma ban ji daɗin raba ka da su ba. Amma ƙarya ka yi mini a gaban mutane, Auta, ni kuwa ba zan ba ka haƙuri don na gyara ta ba."

Ya shiga ɗaki ya cusa kaya a jaka, ya ce zai riƙa kwana a wurin aiki. Ba ta riƙe shi ba. Ta koma kicin ta ƙarasa yanka albasarta, ta dafa abinci na mutum biyu saboda hannu ya saba, ta ci nata.

Ashe wani a zauren ya naɗi muryarta. Kafin mako ya zagayo ta shiga wayoyin mutane, an yanke ta daidai wurin da take cewa tana son miji. Gwaggonsu, ƙanwar mahaifinsu, ita ta fara kira.

"Ke 'yar nan, kanki ɗaya kuwa? Mace ta fito duniya ta ce tana son namiji! Ina za mu sa fuskarmu?"

"Inda kuka saba sa ta, Gwaggo. Shekara nawa kuna cewa in daina zaɓe, yau na gaya muku ba zaɓe nake ba, kuma abin ya zama laifi?"

"Ai akwai abin da ba a faɗa."

"To na faɗa. Ki gaida mutan gidan."

A wurin aiki, tana shiga ofis hira ta mutu. Wani malami da ake kira Ƙaramin Giya, saboda sanyin tuƙinsa, ya ɗan ƙyafta wa sauran ido ya ce, "Anti, ashe nema ake ba a gaya mana ba? Ga mu nan ai."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Miji na ce ina so, ban ce ɗawainiya ba. Matsa mini in ɗauki makulli."

Mai makarantar ya kira ta gefe, yana murza hannu. Ya ce mazan wasu ɗalibai sun kira sun janye matansu, ko za ta ɗan huta a gida har ƙurar ta lafa?

"Na taɓa buga maka mota?"

"A'a."

"Ɗalibata ta taɓa faɗuwa jarrabawa don ban koya mata ba?"

"Ba wannan ba ne, Anti..."

"To in kora ce ka kore ni da bakinka, a gaban kowa, ka faɗi dalili. In ba haka ba, akwai mai jirana a mota."

Bai kore ta ba. Wasu ɗaliban sun tafi ba su dawo ba. Wayarta kuma ta cika da saƙonnin banza daga mazan da ba ta sani ba, ta yi ta toshe lambobi har yatsanta ya gaji. Akwai ranakun da in ta dawo gida ta rufe ƙofa, sai ta zauna a ƙasa ta jingina da ita, ba ta da ƙarfin cire takalmi. Amma da safe sai ta tashi ta tafi.

Wata ranar tana koya wa wata ma'aikaciyar banki yadda ake fakin, mace mai aji wadda ba ta cika magana ba. Matar ta shigar da motar tsakanin duro biyu daidai, ta ja birkin hannu, sai ta ƙi sakin sitiyarin.

"Anti, na ji muryar nan," ta ce, idonta na kan gilashi. "Ni ina da aure. Amma mijina yana wata ƙasa, yarinyar da ya bari a goye yanzu ita ke kai kanta makaranta. Kowa cewa yake na ji daɗi."

Anti Birki ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, don ta san an faɗa mata har ta ƙoshi. Ta kashe motar. Sannan ta ce, "Shi ya san abin da kika gaya mini yanzu?"

"Ina zan iya?"

"Za ki iya. Baki ne kawai, in kin buɗe shi sau ɗaya ya buɗu. Tayar da motar, mu sake fakin ɗin nan, kin ɗan matse hagu."

Auta ya dawo bayan wasu makonni, wai ya zo ɗaukar sauran kayansa. Ya rame, rigarsa duk tawada. Ya tarar da ita a gaban madubin falo tana ɗaura ɗankwali, ta sa turare. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya makulli.

"Yaya, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ni dai har yanzu ina ganin abin ya fi yi wa maza tsanani."

"Ga ka nan dai. To ka riƙe naka tsananin, in riƙe nawa, ba gasa muke ba. Kawai kada ka ƙara zagin 'yar mutane a motata."

"Ina za ki haka?"

"Mai sayar da magani ta haɗa ni da wani. Matarsa ta rasu, yana da shagon taya. Zan je in gan shi a gidan shan lemo na kusa da gada. Akwai abinci a tukunya, in ka ga dama."

Ta tafi. Mutumin ya riga ta zuwa, dattijo mai tsafta, ya miƙe ya ba ta kujera, har zuciyarta ta ɗan buga. Suka gaisa. Bai daɗe da fara magana ba ya shiga yi mata bayanin cewa idonsa ya fara rauni, likita ya hana shi tuƙi, ga yara uku makarantunsu a warwatse, ga mahaifiyarsa da ake kaiwa asibiti duk mako. Da ya ji sana'arta, in ji shi, sai ya ce lallai Allah ne ya haɗa.

Ta bar shi ya kai aya. Ta shanye lemonta.

"Malam, a duk bayanin nan ban ji inda ka tambayi ko ni me nake so ba. Direba kake nema. Ka zo makarantarmu gobe, akwai yara masu hankali da suka gama, zan zaɓar maka ɗaya."

Ta tashi ta fita. A mota ta ɗan yi kuka, kaɗan, sannan dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har mai gadin wurin ya leƙo.

Da ta isa gida Auta na nan, ya ci abinci ya wanke tukunyar, jakarsa kuma tana cikin ɗakinsa. Ta ba shi labari tana kwaikwayon muryar dattijon. Ya so ya daure, amma da ta zo wurin direba sai ya fashe da dariya har yana ƙwarewa.

"To shi ke nan kin haƙura?" ya tambaya yana share ido.

"Wa ya gaya maka? Mai maganin ta ce akwai wani ɗan'uwanta, malamin makaranta. Ran Laraba zan gan shi." Ta cire ɗankwalin ta jefa a kan kujera. "Kai kuma gobe in ka haɗu da 'yar maƙwabta a matakala, ka gaishe ta. Ba don ta aure ka ba. Gaisuwa kawai."